Tambaya da Amsa: An Cinye wa Kifina Jela, Za Ta Sake Fitowa Kuwa?

Wasiƙun da suka taru min a wannan karon kusan duk kukansu ɗaya ne, kifi ya ciji kifi a tankin kifayen ado. Na zaɓo guda shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili, amma ban taɓa maganar kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Inada tankin gilashi mai cin lita 60, a ciki akwai beta namiji ja mai dogon jela wanda nafi shekara dashi, sai sati biyu da suka wuce na ƙaro taiga bab guda uku saboda sun burgeni da zanen jikinsu, toh wallahi tun daga ranar betan nan bai ƙara samun sakewa ba, yanzu jelarsa duk ta zama kaman tsumman da ɓera ya ci, kullum yana bayan filta a ɓoye ko abinci baya fitowa ci sai na kashe fitila. Wane magani zan zuba? Kuma jelar zata dawo yadda take ko shikenan ta tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara da tambayar magani, ni kuma zan fara da raga. Ɗauko raga yau ɗin nan ka raba su. Ko ka fitar da betan ko ka fitar da taiga bab ɗin, amma kar su sake kwana ruwa ɗaya, domin duk abin da za ka zuba a tankin nan asara ce matuƙar masu cizon suna ciki, jelar tana tofowa da dare su aske ta da safe. Kuma betan ya fi sauƙin kamawa, su taiga bab ɗin kifi na ganinka mai jar koma ne, za ka yi ta zagaye tanki da raga suna maka wasa da hankali har ka tumɓuke shuke-shukenka a banza.

Jela kuwa za ta dawo insha Allah. Ka duba ta da kyau a gaban haske za ka ga wasu siraran ƙayoyi a jere kamar haƙoran matsefi, da wata fata marar kauri da ta haɗe tsakaninsu. In dai tushen waɗannan ƙayoyin, wato inda suka fito daga naman jiki, bai lalace ba, to kifi yana sake gina abin da aka gutsure da kansa ba tare da taimakon kowa ba. Ba yau aka gano haka ba, tun 1786 wani masanin halittu ɗan Faransa mai suna Broussonet ya yi rubutu a kan yadda fiffiken kifi ke sake fitowa bayan an yanke. Yanzu ma akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai zane da ake kira zebra, wanda masu bincike suka mayar ɗan gidansu saboda wannan baiwar. In an datse masa jela, cikin kamar awa 12 sabuwar fata ta rufe bakin ciwon, kwana biyu zuwa uku wani ɗan tudu fari ya taru a ƙarƙashin fatar, daga wannan tudun ne sabon ƙashi da jijiya da komai ke fitowa, kafin sati uku jela ta kusa komawa yadda take. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne inda aka yanke ya fi zurfi nan ya fi saurin tofowa, kamar jikin ya san tsawon da ya rage masa ya cike.

Amma kar ka sa ran sati uku a wurin betanka. Shi zebra jelarsa gajera ce, naka kuwa mai jan riga ne a ƙasa. Ƙaramar tsagewa tana haɗewa cikin 'yan kwanaki, amma irin ɓarnar da ka kwatanta sai ka ba shi wata ɗaya zuwa biyu, wani lokacin har uku kafin ta cika, launin ma shi ne ƙarshen zuwa. Kuma ka shirya ranka, mai yiwuwa sabon wurin ya ɗan lanƙwashe ko jan ya ɗan bambanta da na da. Ba ciwo ba ne, tabo ne kawai.

Ga abin da za ka yi masa. Samo wani tanki ko roba mai tsabta da ba a taɓa sa wa sabulu ba, mai cin lita 20 ko fiye, ka sa hita ka tsayar da zafin ruwan wajen digiri 26, ka sa ƙaramar filta ta soso wadda ba ta tura ruwa da ƙarfi saboda mai yagaggiyar jela iyo wahala yake masa, ka sa masa wani abu da zai ɓuya a ciki, ka rage haske, ka rufe saman domin beta yana tsalle. Rabin ruwan farko ka ɗebo daga tsohon tankin don kar canjin ya buge shi. Daga nan aikinka ɗaya ne, ruwa. Duk bayan kwana biyu ka zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, ka mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki, wanda ka riga ka sa wa maganin kashe kulorin in na famfo ne. Sabon tanki ba shi da waɗancan bakteriya masu amfani da ke cinye amoniyar da ke fita daga kashin kifi, su kuma sai sun ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su kafu, shi yasa dabarar ita ce ka yanko ɗan soso daga tsohuwar filtarka ka sa a sabuwar. In kana da kayan gwajin ruwa, amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kar ya wuce 20 a ma'aunin kayan gwajin in son samu ne, su waɗannan biyun na ƙarshe abin da bakteriyar ke mayar da amoniya ne. In ba ka da kayan gwajin, to shi ya kamata ka nema kafin kowace kwalbar magani.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, mai gina jiki, irin jan tsutsar nan da ake sayarwa a daskare ko ƙwayoyin abincin beta masu kyau, abin da bai ci ba cikin minti biyu ka kwashe.

Su kuma taiga bab, kar ka tsane su da yawa. Kifin garke ne, asalinsu daga tsibiran Sumatra da Borneo, kuma a tsakaninsu kullum cikin tsokana da nuna wa juna isa suke. In sun kai takwas ko goma suna shagala da junansu, in uku ne kacal sai su juyo kan duk wanda suka gani yana jan jela a hankali. Ko sun kai ashirin dai ni ba zan haɗa su da masu dogon fiffike irin su beta ko anjel ko gupi ba, an sha gwadawa an sha kuka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matsalata na raba gupi na da tetra ɗin da ke cizonsu kwana tara kenan, yanzu sai nake ganin bakin jelar ɗaya daga ciki yayi fari fari, ƙawata tace ruɓewar fiffike ne in yi maza in zuba magani kafin ya kashe sauran, har na siyo shuɗin maganin nan amma tsoro ya hanani zubawa. Ya zan gane?

AMSA: Hajiya wannan tsoron naki ya yi miki rana. A nan ne mutane da yawa ke kashe kifin da ya kama hanyar warkewa, garin neman gira a rasa ido.

Sabuwar tofowa da ruɓewa dukkansu suna iya yin fari a bakin jela, amma ba farinsu ɗaya ba. Sabuwar tofowa garau take kamar leda, kina iya hango abin da ke bayanta ta ciki, bakinta a shafe yake sumul, kuma in kin kula za ki ga 'yan siraran layuka suna miƙewa a cikinta, ƙayoyin ne ke biyowa. Ruɓewa kuwa farinta a daƙune yake, ba a gani ta ciki, bakin a tsattsage kamar zaren da ya warware, sau da yawa da ja-ja na jini ko baƙi ko ruwan ƙasa a gefen, wani lokacin fatar ta zube ta bar ƙayoyin tsirara a tsaye. Kifin da ke warkewa yana cin abinci yana yawo, mai ruɓewa yakan matse fiffikensa a jiki ya koma lungu.

In duk wannan bai fitar da ke daga shakka ba, ga hanyar da ba ta ƙarya. Ɗauki hoton kifin da wayarki yau, daga gefe, ki sake ɗauka bayan kwana uku a daidai wannan hasken, ki jera su. In jela ta ƙaru ko ta tsaya inda take, ki mayar da kwalbar nan cikin kwali. In tana raguwa tana matsowa jiki alhali babu mai cizo a tankin, to ƙawarki ta yi gaskiya. Ido yana yaudara in kullum kina kallon abu, hoto ba ya yi.

To in ruɓewar ce fa? Su bakteriyar da ke kawo ta, irin su Aeromonas da Pseudomonas, ba daga waje suke zuwa ba, dama suna cikin ruwan kowane tanki, suna jiran a samu ciwo a buɗe da ƙazamin ruwa da kifin da wahala ta raunana. Shi yasa in ta fara kaɗan a bakin jela, canjin ruwa akai-akai da share tsakuwar ƙasa yakan tsayar da ita ba tare da komai ba. Ruwa ba ya tsami banza, ki bincika ko abinci ne ke yawa, ko kifin sun yi wa tankin yawa, ko an daɗe ba a zuƙe dattin ƙasa ba. Sai in an yi kamar sati ana haka ba ta tsaya ba, ko tana gudu da sauri, ko ta kusa taɓa nama, sannan a je ga maganin kashe bakteriya na kifi, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalin daidai, a kuma ƙarasa kwanakin ko da an ga sauƙi. In akwai likitan dabbobi da ya san kifi a kusa, nan ne wurin zuwansa.

Akwai biyu da nake so ki riƙe kamanninsu. In kika ga wani abu kamar auduga ya tsiro a kan ciwon, zare-zare yana kaɗawa cikin ruwa, fumfuna ce, ita ma kan hau wurin da aka ji rauni. In kuma fari ne shafe-shafe a baki ko a gadon baya kamar an ɗora sirdi, kifin yana haki, to wannan cutar da ake kira kolumnaris ce, tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, gupi kuma suna cikin waɗanda take yawan kamawa. Ita wannan zafi ƙara mata gudu yake, don haka kar a ji wani ya ce a ƙara hita, a sauke ma zuwa wajen digiri 24 a hankali a nemi magani da gaggawa.

Shuɗin maganin da kika saya, in metilin bulu ne, yana aiki a kan fumfuna, amma ba a babban tanki ake zuba shi ba. Yana kashe bakteriyar filta masu amfani, ya rina miki komai shuɗi har da gam ɗin da ya haɗa gilashin, kuma sai ki wayi gari amoniya ta hau ta ƙone sauran kifin da lafiyarsu ƙalau. A wani mazubi daban ake amfani da shi. Sannan kowane magani za a sa, in akwai gawayin tace ruwa a cikin filta a cire shi tukuna, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

TAMBAYA: Malam gishiri fa? Naji ance yana sa jela ta fito da wuri.

AMSA: Ba ya sa ta fito da wuri. Abin da yake yi shi ne ya ɗan sauƙaƙa wa kifi mai buɗaɗɗen ciwo wahalar daidaita ruwan jikinsa, ya kuma ɗan takura wa wasu ƙwayoyin cuta. In za ka sa, gishirin da aka yi don tankin kifi, babban cokali ɗaya ga lita 20, ka narkar da shi a kofi kafin ka zuba, kuma kar ya wuce kwana goma. Ka tuna gishiri ba ya tashi da tururi, in ruwa ya ragu da kansa ka cike, kar ka ƙara gishiri, sai na ruwan da ka kwashe da hannunka kawai za ka mayar. Kifayen ƙasa marasa ɓawo sosai irin su koridoras da loc ba sa jure shi, shuke-shuke ma haka. Ni a wurina busasshen ganyen wata bishiya da ake kira katappa, wanda masu kiwon beta a Tailan suka daɗe suna jefawa a ruwa, ya fi kwanciyar hankali. Zai sa ruwan ya yi ja-ja, wannan ba datti ba ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sikilid nake kiwo irin na tafkin Malawi masu launin shuɗi da rawaya, guda biyar a tanki lita 120. Akwai wani babba a cikinsu da ya addabi kowa, na tafi tafiyar kwana huɗu na dawo na tarar ya cinye wa ɗaya jela gaba ɗaya har ya taɓa nama, gefen jikinsa ma ɓawo ya zube, ido ɗaya yayi fari. Na cire shi yana raye yana ɗan cin abinci. Akwai fata ko in haƙura?

AMSA: Tunda yana cin abinci akwai fata, kifin da ya yanke ƙauna baki yake fara rufewa. Amma zan faɗa maka gaskiya a kan jelar. Ka duba ƙarshen jikin da kyau, in akwai ko da 'yan guntayen ƙayoyi da suka rage a tsaye kamar gashin da aka aske, daga nan za ta tofo, sai dai a hankali kuma mai yiwuwa ba za ta yi kyan da ba. In kuwa an cinye har tushen an shiga tsokar, to wannan ɓangaren sau da yawa ba ya dawowa, sai dai ya warke ya zama dungu, ko rabi ya fito rabi ya ƙi. Kifi yana iya rayuwa da dungun jela, yana karkaɗa jiki yana tafiya, sai dai ba zai ƙara iya zama da 'yan dambe ba. Ɓawon jiki yana sake fitowa cikin 'yan makonni, wannan kar ya dame ka. Ido kuma in saman ne kawai ya gurje, farin yakan washe a ruwa mai tsabta, in ya fashe ne to ya tafi, amma mai ido ɗaya yana gano abincinsa lafiya lau.

Shi wannan, saɓanin na masu tambayar farko, ciwonsa ya kai nama, don haka ka sa masa ido sosai safe da yamma. Ja yana yaɗuwa, ko kumburi, ko auduga ta fito, kar ka jira sati, ka fara magani. Kuma ka rage kama shi da raga, kowane kamu yana goge masa yauƙin jikinsa wanda shi ne rigarsa ta kariya, in dole ne ka matsar da shi ka kore shi cikin kofi ko roba ka ɗauke shi da ruwansa.

Yanzu bari mu koma kan babban, don in ba ka gyara can ba, wani zai maye gurbin wannan kafin wata ya ƙare. Waɗannan kifayen da ake kira mbuna a tafkinsu cikin duwatsu suke zama, kowane namiji da kogonsa da yake tsarewa, wanda aka kora yana da tafki guda da zai gudu. A lita 120 ina zai gudu? Biyar kuma shi ne adadin da ya fi muni, sun yi kaɗan da za su raba duka a tsakaninsu, sai fushin babban ya ƙare a kan guda ɗaya. Masu kiwonsu sukan yi tanki lita 200 zuwa sama, dogo ba mai tsawo sama ba, su tara su da ɗan yawa da filta mai ƙarfi, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu, su kuma guji haɗa maza masu kama da juna a launi domin shuɗi mai zane ba abin da ya tsana kamar wani shuɗi mai zane. Duwatsu a jera su yadda za su tare gani, wanda ake bi in ya sha kwana ya ɓace wa mai binsa. Wata dabarar kuma, ka cire babban na sati ɗaya ko biyu, ka rushe duwatsun ka sake musu tsari, ka dawo da shi da dare fitila a kashe, sai ya tarar gidan da yake taƙama da shi babu. Wani lokacin yana aiki. Wani kuma mugun hali ne a jininsa, kwana biyu ya sake naɗa kansa sarki, irin wannan sai dai a ba shi tankinsa shi kaɗai ko a kai shi inda akwai waɗanda suka fi shi.

Na so in yi maka faɗa a kan tafiyar kwana huɗu amma ba laifinka ba ne, ko kana gida da dare ake yin rabin wannan ta'asar.

TAMBAYA: Malam abin mamaki, beta na shi kaɗai ne a tankinsa babu wani kifi ko ɗaya amma kullum da safe sai naga jelarsa ta ragu, kaman an sa almakashi an gutsire, babu fari babu ja a bakin. Yarana sunce aljani ne lol.

AMSA: Ki gaishe min da yaran, ki ce musu aljanin yana cikin tankin kuma ja ne ko shuɗi. Beta yana cizon jelar kansa. An fi ganin haka a wurin masu manyan jela da aka yi ta haɗa iri don su yi faɗi kamar rabin wata, na dajin can Tailan gajerun fiffike gare su, wannan doguwar rigar mutum ne ya ɗora musu kuma tana da nauyi. Alamarsa kuwa daidai abin da kika faɗa, gutsure mai zagaye, baki a tsabtace, a wuraren da bakinsa ke iya kaiwa in ya lanƙwasa, kuma a dare ɗaya ba a hankali ba.

Kafin ki yanke masa hukunci dai ki duba abu biyu. Bakin filta inda take zuƙar ruwa, in yana da ƙarfi yana kama jela in kifin ya kwanta kusa, sai ki sa masa soso. Sai furannin roba da kayan ado, ki samo siririn ƙyalle mai santsi ki goga a jikinsu, duk wanda ya kama ƙyallen zai yaga jela, ki fitar da shi.

In kin tabbata shi ne da kansa, ki rage ƙarfin ruwan filta, ki sa shuka mai faɗin ganye kusa da saman ruwa inda zai kwanta ya huta domin beta yana hawowa ya shaƙi iska a sama, ki kuma duba ko yana ganin hoton kansa a gilashi yana ta buɗe fiffike yana faɗa da shi yini guda, in haka ne ki manna takarda marar sheƙi a bayan tankin ko ki canza wurin fitila. In a ƙaramar kwalba yake ba hita, to daga nan za ki fara. Wasu suna dainawa, wasu kuwa sai jelar ta yi tsawo su sake aske ta, haka za ku yi ta yi. In dai ruwan da tsabta kuma bakin ba ya ruɓewa, ba abin da zai same shi illa rashin kyan hoto.

TAMBAYA: Salam. Golfish ɗina mace wasu biyu sukai ta binta suna tunkuɗarta har fiffikenta ya tsage, na raba su, yanzu bakin fiffiken ya koma baƙi. Kuma yaushe zan maida ita cikinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki duba waɗancan biyun, in akwai 'yan fararen ƙuraje kamar yashi a murfin gefen kansu da gaban fiffiken ƙirji, to maza ne kuma lokacin haihuwa ne ya zo, tunkuɗar ta neman ta zubar da ƙwai ce ba ƙiyayya ba, ko da yake ita da aka yaga ba ruwanta da wannan bambancin. Baƙin da kike gani a golfish yawanci alamar wurin da ya ƙone ko ya ji ciwo ne yana warkewa, kuma amoniya ce kan gaba wajen jawo shi, don golfish akwai kashi, ba ƙaramin datti suke tarawa ba. Ki gwada ruwan duka tankunan biyu. In an gyara ruwan baƙin yakan goge da kansa cikin 'yan makonni. Kar ki sa mata hita irin ta beta, golfish na ruwan sanyi ne, tsakanin digiri 18 zuwa 23 ya ishe ta, sai dai ki sani a sanyi komai na jikin kifi a hankali yake tafiya, har da tofowar fiffike, don haka kar ki gwada ta da labarin da na ba mai tambayar farko.

Maidawa kuma ba sai fiffiken ya cika tsaf ba, amma sai tsagar ta haɗe, bakin ya yi sumul, tana ci da ƙarfi tana iyo daidai, a ƙalla sati biyu zuwa uku. Ki zaɓi ranar da kike gida, ki ciyar da na cikin tukuna, ki daidaita zafin ruwan biyu, ki sake ta, ki ja kujera ki zauna ki yi kallo na awa guda. In suka dawo mata da bi ba ƙaƙƙautawa, ki sa raga ko faranti mai huji-huji ki raba tankin gida biyu har zafin nasu ya sauka.